Shekarar da Irin Albasa Bai Zo Ba

Shekarun baya, wata Asabar da hantsi a lokacin cirar albasa, muna tsaye a gonarmu ta fadama a bayan Aliero. Akwai ni, da yayana, da abokina wanda bai daɗe da samun aiki a wani kamfanin iri na ƙasashen waje ba, da wani Bature masanin noma da kamfanin ya turo. Sai kuma manoma da suka taru daga ƙauyukan kewaye, har da na wajen Jega da Maiyama. Kamfanin babba ne, hedikwatarsa tana Turai, yana da rassa a ƙasashe da dama. Ni ba a matsayin manomi na je ba. Aikin rediyo nake yi a birni, na zo gida hutun ƙarshen mako, abokina ya roƙe ni in yi musu tafinta, wai Hausata ta fi tasa fita. Farar shadda na sa na shiga fadama, wannan kaɗai ya isa ya gaya muku iyakar sanina da noma.

Mahaifinmu ya rasu 'yan shekaru kafin nan, gona tana hannun yayana, shi ne babba a ɗakinmu. A farkon noman ranin shekarar kamfanin ya ba shi iri kyauta ya gwada a rabin gonar, ranar kuma aka taru don ganin abin da ya fito. An tara albasar kamfani a gefe ɗaya, tamu ta gida a ɗaya gefen. A gaskiya wurin bai buƙaci tafinta ba. Ta kamfanin manya-manya ce, girma ɗaya, launi ɗaya, kamar a inji aka ƙera ta. Tamu kuwa tana nan yadda muka san ta tun muna yara, ja, wata babba wata ƙarama, ga yaji mai sa hawaye tun kafin a yanka.

Baturen mutum ne mai magana a hankali. Ya yi bayanin taki da tazara da ban-ruwa, ina juyawa. Daga nan ya faɗi wani abu da na fassara kalma da kalma, domin na ga ya rage murya kafin ya faɗe shi. Ya ce wannan shi ne irin da malaman gona ke kira mai aure, an haɗa iyaye biyu aka samar da shi, saboda haka ba a cire iri daga jikinsa. Idan an cire aka shuka, abin da zai fito ba zai yi kama da uwarsa ba. Kowace shekara sai an sayi sabo. Na faɗa da ƙarfi, har na maimaita. Mutane suka gyaɗa kai, idanunsu na kan tarin albasa.

Sai yayana ya ɗauki ɗaya daga ta kamfani a hannun dama, ɗaya daga tamu a hagu, ya ɗaga sama ya ce, “Jama'a, wanga irin na tsohhi ya yi aiki ya gaji. Yau ya yi ritaya.” Aka yi dariya, ni ma na yi. A cikin taron akwai wani tsoho daga Liba, aminin mahaifinmu ne tun suna samari. Na lura bai yi dariya ba, amma ban ɗauki abin da muhimmanci ba, na zaci bai ji ba ne.

Shekarun da suka biyo baya sun yi kyau, kuma ba zan rage musu komai don labarina ya yi daɗi ba. Yayana ya mayar da gonar gaba ɗaya irin kamfani. Ya sayi injin ban-ruwa na biyu, ya sauya rufin ɗakin mahaifiyata, ya sa 'ya'yansa mata a makarantar da a da sai dai su wuce ta ƙofarta. Malaman kamfanin sun koya wa mutane yadda ake dashe a layi, da yadda ake feshi ba tare da mai feshin ya shaƙi rabin maganin ba. Samari da yawa sun samu aikin rarraba iri da lodin motoci. Abokina ya yi aure, ya yi tumbi, ya fara amsa waya da Turanci ko da mai sayar da itace ne ya kira shi.

Aibi ɗaya da kowa ya gani shi ne albasar ba ta ajiyuwa, ruwa ya yi mata yawa. Tamu ta gida akan zuba ta a rudu, wato rumfar kara da iska ke ratsawa, ta yi watanni har damina ta kankama farashi ya tashi. Ta kamfani kuwa ba ta daɗewa take fara ruɓewa daga wuya. Dole a sayar da ita ana cirewa, lokacin da kowa ke sayarwa. Amma yawanta ya rufe wannan giɓi, ba wanda ya damu. Rudunmu ya zauna babu komai a ciki har awaki suka cinye karansa.

Abin da ba wanda ya yi magana a kansa shi ne fangalin iri. Ga wanda bai san albasa ba, samun irinta aikin shekara biyu ne. A shekarar farko ka noma albasa, ka zaɓi masu kyau ka ajiye. A ta biyu ka mayar da su ƙasa, su yi tsiri, su yi fure fari, su ba da 'ya'ya baƙaƙe ƙanana kamar garin gawayi. Waɗannan 'ya'yan ba su da tsawon rai. Gero zai kwana shekaru a rumbu ya fito, irin albasa kuwa in ya wuce shekara guda yawancinsa ya mutu. Mahaifinmu yana da 'yan fangulla a kusurwar gona da ba ya taɓa sa musu komai sai albasar iri, haka ya gada. Yayana ya dube su ya ga ƙasa mai kyau tana zaman banza, ya dasa ta kamfani a ciki. Ba wanda ya yanke shawarar kashe irin gidanmu. An dai daina shuka shi, shi ke nan.

A shekara ta huɗu, wajen ƙarshen damina, lokacin da ake zuba iri a raine shi kafin dashe, abokina ya kira ni a wurin aiki. Da Hausa ya yi magana, tun daga nan na san akwai matsala. Ya ce wani kamfani da ya fi nasu girma ya saye nasu, sababbin masu shi sun duba ƙasashen da suke ciki, sun ga canjin kuɗi a Najeriya ba ya ba su riba, sun rufe reshen nan. Da safe aka tara su ta waya aka gaya musu. Babu iri bana. Wanda ake jira a tashar jirgin ruwa an juya da shi wata ƙasa.

Na tambaye shi ko manoma sun sani. Ya ce shi ya sa ya kira ni, yana son in faɗa a rediyo, don shi ba zai iya shiga Aliero ya faɗa da bakinsa ba.

Abin da ya biyo baya na gan shi da idona a kasuwar Jega. Gwangwanaye masu tambarin kamfanin suka cika rumfuna, wasu tsofaffi ne da suka kwana shekaru a shago, wasu kuma ba wanda ya san abin da aka ɗura a ciki. Irin gida da ya rage a hannun mutane ya yi tsada, masu sayarwa suka riƙa gauraya sabo da matacce. Matsalar irin albasa ita ce ido ba ya bambanta mai rai da matacce, duk baƙi ne. Sai ka zuba, ka yi ban-ruwa, ka jira, sannan ka san abin da ka saya. Yayana ya saya ya zuba, ya jira, ba abin da ya fito sai ciyawa. Ya sake saya a wani hannun, ya fito tsilla-tsilla, ba zai cika ko fangali biyu ba. Lokaci kuma yana tafiya. Albasa da sanyi take yin kai. In dashe ya makara, zafi zai riske ta tana lawashi, shekarar ta tafi. Gidanmu kuwa, da mahaifiyata da matan yayana da yara, wannan gonar ce abincinsu da makarantarsu. Albashina na rediyo in an raba shi a kansu ba zai kai tsakiyar wata ba.

Ina haɗa rahoto a kan lamarin, sai na nemi lambar Baturen nan na kira shi a ƙasarsu. Na shirya tambayoyi masu zafi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce shi ma an sallame shi a makon da aka sallami abokina. Ya ce a garinsu aka kafa gidan irin tun zamanin kakansa, rabin garin a nan suke aiki, yanzu sababbin masu shi sun kwashe aikin sun kai wata ƙasa inda lada ya fi araha. Manoman ƙasarsu ma, in ji shi, sun daɗe da daina ajiye iri, kowace shekara saye suke yi, kuma kamfanonin da ke sayarwa ba su da yawa. Bambancin kawai, gwamnatinsu za ta riƙa ba shi abin kashewa har ya samu wani aikin, kuma tsofaffin irin ƙasarsu suna nan a wani ɗakin sanyi na gwamnati, wanda ya nema za a ba shi.

Ya tambaye ni, mu a ina muke ajiye namu. A rediyo an hore mu kada mu bar iska babu magana, amma ranar na bari.

Ranar Juma'a na tafi gida. Na tarar da yayana ya rame, yana zaune a bakin zaure yana kallon injunansa biyu. Mahaifiyata tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Ya kamata in yi bayani a nan: yayana ɗan fari ne, kuma mahaifiyata 'yar da ce. Ba ta faɗin sunansa, ba ta zama hira da shi, ba ta sa baki a harkarsa a gaban mutane. Duk shekarun nan tana ganin an daina shuka irin mijinta ba ta ce uffan ba, domin a wurinta uwa ba ta tsayawa gardamar gona da ɗan fari. Shi kuma ba zai shiga ya ce mata ya rasa yadda zai yi ba. Katanga ɗaya ce tsakaninsu, kowa na jin tarin kowa.

Bayan La'asar ta kira ni, ta ɗaga murya fiye da yadda nisan da ke tsakaninmu yake buƙata.

“Kai, ɗan rediyo. Ka hwaɗa ma wancan, ubanku bai taɓa saida iri ba. Aro shika bayarwa.”

Kafin in motsa, murya ta zo daga zaure. “Ka ce mata na sani.”

“Ka ce mai, in ya sani mi shika jira?”

Daga zaure aka ce, “Ka ce mata, da wane ido.”

Na gabatar da shirye-shirye da yawa, amma ban taɓa yin irin wannan ba: baƙi biyu, kowa na jin kowa sarai, amma komai sai ya bi ta bakina, kuma ba wanda ya jira na maimaita.

A nan ta yi mini bayanin abin da ni, ɗan boko, na manta ko ban taɓa sani ba. A tsakanin manoman da suka san juna ba a cinikin irin albasa. In naka ya lalace, ka je wurin wanda ka amince da hannunsa ya ɗebo maka. Ba a sa rana, ba a kiran shaida. Amma daga ranar irin ya zama na gidaje biyu. Duk lokacin da gidan da ya ba ka ya nema, ko bayan ran mai gidan ne, za ka ɗebo ka bayar. Ta ce ta san mutum biyu da mahaifinmu ya ba aro, ɗaya a Katanga, ɗaya a Liba. Na Liba shi ne tsohon da ya tsaya a taron nan. Shi ne dalilin “da wane ido”.

Ta rufe maganar da cewa in gaya wa wancan, kunya ba ta fitowa a fangali. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Washegari da safe muka ɗauki hanya a motata. Yayana ya nace mu fara da Katanga, na kuma san dalili. Muka tarar mutumin ya rasu bara. 'Ya'yansa suka karɓe mu da mutunci, suka kawo fura, babbansu ya kai mu bayan gida ya nuna mana wurin renonsu, ƙasa a gyare, an yi ban-ruwa, babu ko tsiro ɗaya. Su ma sun koma irin kamfani tun shekarar farko. Ya ce ya san da maganar aron, mahaifinsu ya faɗa musu, kuma da suna da shi da ba mu tashi hannu wofi ba. Da za mu tafi ya riƙe ƙofar motar ya ce in Allah ya sa mun dace a wani wuri, mu tuna da su.

Daga nan har muka wuce Jega muka kama hanyar Maiyama yayana bai yi magana ba, sai sau ɗaya da ya ce ina tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai. Kusa da Liba motar ta zauna a laka, mutanen da ke wucewa suka tura mu, ɗayansu ya gane muryata ya ce ashe haka nake, shi ya ɗauka ni dogo ne.

Mun isa bayan Azahar. Tsohon yana zaune a inuwar ƙofar gidansa yana ɗaure tiyo da ya fashe da guntun roba. Muka durƙusa muka gaisa. Ya tambayi mahaifiyarmu, ya tambayi yara, ya tambayi ruwan bana, ya yi wa mahaifinmu addu'a. Ya ce yana jina kullum ina ba da labarin ƙasashen da bai san inda suke ba. Gaisuwa ta ƙare. Yayana ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa. Na ga dai ni ne zan buɗe taro, sai na gyara murya na fara da cewa, kamar yadda aka sani, a 'yan shekarun nan harkar noma ta fuskanci sauye-sauye da dama.

“Ɗana,” in ji shi, “kashe rediyon. Iri kunka zo biɗa.”

Na ce haka ne, Baba.

Ya juya wajen yayana. “Wane iri? Wanda yay yi ritaya?”

Yayana bai ɗaga kai ba. Ya ce, “Baba, bakina ya yi mani laihi.”

Tsohon ya yi dariya har tari ya kama shi, sai da aka kawo masa ruwa. Da ya nutsu, ya ce kada mu ɗauka shi wani mai hangen nesa ne. Bayan taron nan sau biyu yana zuwa ofishin kamfani a sa shi cikin masu karɓar iri. Suka ce gonarsa ta yi ƙanƙanta, kuma motarsu ba ta iya shiga hanyarsu. Ya ce shekarun nan duk ya yi su yana kallon motocin albasarmu suna wucewa yana jin haushi, matarsa na yi masa gori. “Ba wayo niy yi ba,” in ji shi. “Ƙi na anka yi.” Ya ƙara da cewa in sun dawo, in yi masa hanya tunda ni na iya Turanci.

Ya shiga ciki ya daɗe. Ya fito da wata gora an toshe bakinta da tsumma, ɗansa na biye da shi da faifai, fuskar ɗan ba walwala. Daga baya na ji cewa 'yan kasuwa sun yi ta sintiri a gidan suna taya irin da tsada, tsohon yana ce musu bai gama shawara ba. Ya zazzage gorar a faifai. Bai kai yadda na zata ba. Ya sa gefen hannu ya ware abin da zai ishi gonarsa, sauran ya turo gabanmu. Ya ce shekarar da ruwa ya ci fadamarsu ya rasa komai, mahaifinmu ne ya ɗebo masa wannan, kuma tun daga lokacin bai taɓa gauraya shi da wani ba.

Yayana ya kai hannu aljihu. Wannan ne kawai lokacin da na ga fuskar tsohon ta canza. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Hidda hannunka. Ubanka bai amshi komi gare ni ba.” Yayana ya fitar da hannunsa.

A cikin hira na ambaci abin da muka gani a Katanga. Daga baya yayana ya ce da na kama bakina da ya fi. Tsohon ya sake jawo faifan, ya ware wani kaso daga namu, ya ce mu biya mu kai wa yaran, domin su ma irin gidansu ne. Sannan ya faɗi abin da ya hana ni barci mai kyau a kwanakin da suka biyo baya. Ya ce irin na bana ne, shi ya cire da hannunsa, amma ɗakin da ya rataye gorar ya yi yoyo da damina. Bai san ko danshi ya shiga ba. Ba zai rantse mana ba.

A hanyar dawowa yayana ya rungume ƙullin a cinyarsa kamar jariri, yana mita. Ya ce abin da ya rage ko sulusin gona ba zai rufe ba, kuma ni da bakina kamar famfo. Duk da haka shi ya ce in juya ta Katanga, shi ya sauka ya miƙa musu.

Ya zuba irin washegari. Ni na koma bakin aiki. Wannan shi ne zubi na ƙarshe da lokaci zai bari, kowa a gidan ya san haka. Kullum in na gama karanta labarai sai in duba waya. Ban kira shi ba, don na san in babu labari ba zai ɗauka ba, in kuma akwai zai kira. Na yi ta ba da rahoton taron shugabanni da farashin mai a kasuwar duniya, hankalina yana kan wani ɗan fili a bayan Aliero da bai fi shimfiɗar tabarmi kaɗan ba.

Wata safiya ina shirin shiga ɗakin watsa labarai wayar ta yi ƙara. Yayana ne, bai yi sallama ba ma.

“Ya hito.”

Na ce nawa ya fito.

“Duka. Ka zo ka gani in kana da takalmin kirki.”

Na shiga na karanta labaran. Abokin aikina ya ce ranar na karanta labarin faɗuwar darajar kuɗi kamar mai sanar da ɗaurin aure.

Da na je ƙarshen mako na ga abin da idona. Tsiron albasa a lanƙwashe yake fitowa, kansa a ƙasa kamar mai ruku'u, sai daga baya ya miƙe. Ga su nan sun cika wurin, sirara, kore shar. Na tsuguna na daɗe ina kallo, ni da ban taɓa tsayawa kallon tsiro ba. Da na shiga gida na gaya wa mahaifiyata, ba ta ɗago daga abin da take yi ba. Ta ce alhamdu lillahi. Can kuma ta ɗaga murya ta ce in gaya wa wancan ya rage ban-ruwa, wannan ba irin Turawa ba ne, ba ya son a dame shi. Daga zaure aka ce a gaya mata an ji.

Shekarar ba ta yi daɗi ba, amma ta wuce. Sulusin gona aka dasa albasa, sauran yayana ya sa tattasai da ɗan masara. Ya sayar da inji ɗaya. Ya sake ɗaura rudu, ya ajiye abin da ya cire har tsakiyar damina, kuma da yake albasa ta yi ƙaranci a ko'ina, abin da ya samu ya riƙe gidan. Yaran ba su bar makaranta ba. Ba kowa ne ya yi wannan sa'a ba. Na san gidajen da suka rasa noman shekarar gaba ɗaya, samarinsu suka tafi kudu neman aiki, wasu har yau ba su dawo da zama ba.

Idan na tuna abin yanzu, ba haushi nake ji ba, sauƙi nake ji, irin na wanda mota ta wuce ta gefensa. Ba zan ce kamfanin ya yaudare mu ba. Sun faɗi gaskiya a bainar jama'a, da bakina ma aka faɗe ta. Abin da suka kawo ya yi amfani, rufin ɗakin mahaifiyata shaida ne. Waɗanda suka rufe reshen nan ba su ƙi mu ba, ba su ma san da mu ba, kamar yadda ba su san garin Baturen nan ba. Abin da ya ba ni tsoro shi ne yadda abu ya yi shekara da shekaru a gidanmu, ya kusa ɓacewa cikin ɗan lokaci, ba tare da wani ya yi niyyar hakan ba. Kuma abin da ya cece mu ba dabararmu ba ce. Hanyar Liba ce da ba ta da kyau, da wata al'ada da na ɗauka ta wuce.

Tun daga lokacin, duk sanda aka tura ni taron da wani babban kamfani zai sanar da shigowarsa, ina rubuta ayyukan da ya ce zai samar, ina kuma yi masa fatan alheri da gaske. Amma in an ba da damar tambaya, tawa ɗaya ce: ranar da kuka tashi, me zai rage a nan da zai iya tafiya ba tare da ku ba? Wasu suna amsawa da kyau. Wasu sai su ce a ba wani ɗan jaridar dama.

Abokina yanzu yana da shagon kayan gona a Jega, ya koma amsa waya da sallama. Irin mai aure ya dawo kasuwa da wani suna ta hannun dillalai, yayana yana saye yana shuka rabin gona da shi, don har yanzu ya fi yawa. Shekara biyu bayan tafiyarmu, da ya cire irin farko daga albasar da ya zaɓa, ya cika gora ya hau babur shi kaɗai ya kai Liba. Ya tarar da tsohon da ransa.